Ɗaya Bakin Igiyar

Ƙofar Durɓi, Katsina,
17 ga Yuni, 1979.

Zuwa ga Yayana Sammani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan wannan takarda za ta ishe ka lafiya. Yaya Yawuri, yaya ruwa, yaya aikin jirgi? Yaya maigidanka mai jirgin da sauran abokan aiki? Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta sauka, an yi shuka. Maigidana Malam yana gaishe ka, yara ma suna gaida kawunsu da ba su sani ba sai a baki.

Takardarka ta zo ta hannun Lawal direba. Da na tashi daga makaranta ban koma ɗakina ba, na wuce gida Ƙofar Sauri na karanta wa Inna. A tsakar gida na karanta, da ƙarfi, kamar ina gaban 'yan aji uku, don na san wanda ke zaure ba kurma ba ne. Da na zo inda ka ce ƙullin igiyar nailan ya zame daga turke, jirgi ya bi ruwa, kai kuma ka faɗa ka bi shi da iyo har ka sha ruwa, Inna ta yi salati ta saki muciya. A zaure kuwa tufka ta tsaya cak. Ka san ƙarar tafin Baba a kan cinya in yana murza rama, da ita muka tashi. Bai sake motsi ba sai da na kai sa hannunka, sannan ya yi tari ya ci gaba.

Ba sai na tuna maka yadda kuka rabu ba, amma zan tuna maka, don na lura kana da mantuwa a inda ka ga dama. Shekara uku ke nan da ka shimfiɗa masa nailan a gaban rumfa, a gaban Babaji maƙwabcinsa da duk masu igiyar kasuwa, ka ce rama ta mutu, saura jana'iza. Shi kuma ya ce in ka fita da wannan abu kada ka sake tako masa zaure sai ya kira ka. Ka ɗauki jakarka ka tafi, ba a ko buɗe maka bakin igiyar sallama ba. Tun daga ranar ba a ambatonka a gabansa. Dama shi da Inna ba su taɓa kama sunanka ba, kai ɗan fari. Inna tana cewa "yaron nan," shi kuwa in ta kama dole sai ya ce "mutumin ruwa."

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Washegarin karatun takardarka ya kira ni zaure. Bai dube ni ba, idonsa na kan ramar da ke hannunsa, ya ce, "Ke Asabe, in kin tashi makaranta gobe ki biya ki sawo mani igiyar robar nan. Siririya, kamar ƙaramin yatsa. Tsawon gaba takwas. Kuma kada ki saye ta inda Babaji zai gani."

Yaya, Baba ne fa. Mutumin da ya taɓa mayar da akuyar da aka ba shi kyauta don an jawo ta da nailan. Na sayo shuɗiya a can wajen tasha, na cusa ta ƙarƙashin littattafan yara kamar kayan sata, na kawo masa. Ya daɗe yana murza ta tsakanin yatsu, ya shinshina, ya taɓe baki ya ce ba ta da ƙanshin komai. Sannan ya tura ta ƙarƙashin buzu.

Yanzu maganar da Inna ta hana ni rubutawa. Baba ba shi da lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, daga zaure zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya huta. Ya daina fita kasuwa, Babaji ne ke zuwa ya kwashi abin da ya tufka ya sayar masa. Mun kai shi asibiti, sun ce zuciya ce, sun ba da ƙwayoyi, yana sha in ya ga ina kallo. Ni tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Ina so ka zo ku ga juna.

Ka gaida duk wanda ya tambaye mu. Allah ya tsare ka a kan ruwa.

Ƙanwarka,
Asabe.

Ƙofar Durɓi, Katsina,
22 ga Yuli, 1979.

Yayana Sammani,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da tambayar lafiyarka da ta mutanen wajenku. Yaya fama da jama'a, yaya hidimar zaɓe? Mu ma nan kowace Asabar muna layi. Inna ta dangwala yatsa karon farko a rayuwarta, ta dawo tana wanke shi da toka, wai tawadar gwamnati za ta hana mata alwala.

Na ga amsarka. Ka ce an ɗauki hayar jirginku yana kai akwatunan ƙuri'a ƙauyukan tsibiri, ba halin motsi sai an gama. Wannan na yarda. Amma ka ƙara da tambaya, wai shin Baba ya kira ka? To bari in ba ka labarin abin da yake yi, ka yanke wa kanka.

Tunda ka ce ƙulli ne ya ci amanarka, Baba ya ce dama mai hankali ba ya amince wa ƙulli da abin da yake so. Hanci za a yi wa igiyar, wato a lanƙwaso bakinta a yi zobe, a warware silin nan uku a saƙa su cikin jikinta, sai a zura a turke a kwana lafiya. Ya ɗauko ƙahon barewar Kaka, wanda yake buɗa jikin igiya da shi, ya zauna. Ka san hannunsa, in rama ce kafin Inna ta dama fura ya gama. Ya zura kowane sili sau uku yadda ya saba tun yana yaro, ya murza a ƙarƙashin tafin ƙafa, ya ɗaga yana dubawa da alfahari. Sai ya ce in zarga ta a guga mu gwada a rijiya.

Guga ya cika, na ja, ya taso rabin rijiya, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Hancin ya zare sumul, guga ya koma ƙasa da ƙara. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na kasa daurewa. Baba bai yi ba. Ya karɓi bakin igiyar ya zuba masa ido. Ban taɓa ganin aikinsa ya kwance ba, kuma ina jin shi ma bai taɓa gani ba. Sai da aka aro ƙugiya aka fid da gugan.

Na ɗauka zai jefar da ita. Da na dawo washegari na ishe shi ya datse wurin ya sake farawa. Ya ce rama gashi gare ta, sili yana cizon ɗan'uwansa, ita kuwa wannan sulɓi ne da ita, ba ta riƙe kowa. Ya dube ni ya ce, "Halinta ɗaya da mai ita." Ka ji rabonka.

Mako biyu ya yi yana kokawa da ita. Idonsa ba ya ganin silin sosai, da yatsa yake lalube, shi ya sa yake fitowa bakin zaure da hantsi inda haske ya fi. Ya ƙara zurawa, ta zame. Ya sake ƙarawa. Daga baya ya gane sai ya riƙa rage kaurin silin yana tafiya, har saƙar ta siranta ta ɓace cikin jikin igiyar. Ƙananan bakunan da suka leƙo kuma ya ce in kawo garwashi ya lasa masu, suka narke suka manne. Wani ɗigo ya sauka a babban yatsansa ya ɗaye fata, bai ko dakata ba. Ɓoyon ma ya ƙare, Babaji ya shigo ya kama shi dumu-dumu da igiyar roba a cinya. Ya tsaya baki buɗe, Baba ya ce masa in ya gama kallo ya zo ya kama. Suka zarga hancin a reshen bedin ƙofar gida, Babaji ya rataya da duk nauyinsa, ƙafafunsa suna lilo kamar yaro. Ko gezau. Ranar na ga haƙoran Baba.

Sai ga abin da nake so ka ji da kyau. Na ɗauka zai juya ɗaya bakin ya yi masa hanci shi ma, a ba Lawal ya kawo maka. Bai yi ba. Ya warware bakin kamu guda, sili uku, ya miƙe da ƙyar ya rataye igiyar a marataya ta bayan ƙofar zaure, buɗaɗɗen bakin yana reto.

Ka fi ni sanin ma'anar wannan, kai aka raina domin ita. A gidanmu in uba zai sallami ɗansa, shi yake yin hanci ɗaya, ya buɗe ɗaya bakin ya rataye. Ɗan ya gani ya sauko da ita, ya zauna gaban uban ya saƙa nasa. Daga nan igiya ta zama tasa, ya tafi duk inda ya so da albarka. Haka Kaka ya yi wa Baba a wannan zauren, a wannan maratayar. Kai aka rataya wa, Yaya, kuma da igiyar da kuka ɓata a kanta. In wannan ba kira ba ne, ni ban san kira ba.

Azumi ya ƙarato. Ka yi ƙoƙari ka yi Salla a gida. Inna tana sa maka albarka.

Taka,
Asabe.

Ƙofar Durɓi, Katsina,
29 ga Agusta, 1979.

Yaya Sammani,

Barka da shan ruwa, barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata ka yi Salla lafiya, kai da mutanen da ka zaɓa ka yi ta da su. Busasshen kifi da turmin atamfar da ka aiko sun iso, Inna ta gode. Farar shaddar Baba ma na miƙa masa. Ya shafa ta, ya tambaya ko Lawal shi kaɗai ya sauko daga mota. Na ce shi kaɗai. Ya ce a sa a akwati.

Ka rubuta cewa igiya ba ta magana, kai da baki aka kore ka, da baki kake so a kira ka. Na karanta wannan layin na ninke takardar, ban kai ta Ƙofar Sauri ba. Na ce wa Inna kana gaisuwa.

Bari ka ji halin da igiyarka take ciki. Rama in an buɗe bakinta aka rataye, sai ta shekara yadda aka bar ta. Baba ya ɗauka ita ma wannan haka take. Ashe nailan ba ta jira. Kwana kaɗan silin suka fara saki, kowanne ya rabu ƙanana-ƙanana, bakin ya tsefe ya yi buzu-buzu kamar kan da aka kwance wa kitso. Ba mai iya saƙa komai da shi. Na ce ya bari in lasa masa wuta kamar yadda muka yi wa na hancin, ko in naɗe kowane sili da zare. Yaya, rabon da Baba ya daka mini tsawa tun ina 'yar talla. Ya ce ba a ɗaure bakin da aka buɗe wa ɗa, ba a kuma ƙona shi, wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ne da hannunsa. Na ce wannan dokar ta rama ce, Kaka bai san roba ba. Ya ce ƙofa dai ƙofa ce.

To abin da yake yi ke nan yanzu. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci sai ya sa a sauko da ita, ya datse abin da ya tsefe, ya warware sabon kamu guda, ya gyara silin su yi tsaf, a mayar a rataye. Wai kada ka zo ka ishe ba a shirya ba. Tarkacen shuɗin zaren Inna take sharewa, na gan ta tana tara shi a tsohuwar kwalla, ban tambaye ta dalili ba. Igiyar tana raguwa. Koyo ya ci nasa, yanzu jira yana cin nasa.

Baba bai samu yin azumi ba bana. Ya gwada na farko, la'asar ba ta yi ba ya faɗi a bakin rijiya. Liman da kansa ya zo ya ce masa ya sha, Allah ya ɗauke masa. Ranar da na kai masa kunu da rana tsaka ya juya fuska bango ya karɓa. Ya ji kunyar abin ƙwarai.

Ranar Salla na ga wuri, na durƙusa na ce, Baba, kalma ɗaya ce, ka ce ya zo in rubuta. Ya juya ya dubi bayan ƙofa. Can ya ce, "Na rataya. Mi kuma zan ce? Ni ubana bai ce mani komai ba, na gani na zauna." Na ce ai daga Yawuri ba a hango bayan ƙofar zaurenmu. Ya ce, "Ba ke kina rubuta mashi ba?"

Ka gani? Ya san ina rubutawa, ya san ka sani. Ku biyu kun sa ni a tsakiya kowa yana ja, kuma wallahi na gaji. Kai kake da ƙafar tafiya, shi ba shi da ita. In girman kai ne, a wurinsa ka gada, na yarda, amma shi nasa ya sauke rabi tun ranar da ya aike ni tasha. An gama zaɓe, an gama azumi, an gama Salla. Me ya rage?

Ka yafe mini kaifin baki, ƙanwa ce ke kuka. Malam yana gaisuwa.

Asabe.

Ƙofar Sauri, Katsina,
23 ga Satumba, 1979.

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka dubi kan takardar nan, daga gida nake rubutowa. Malam ya ba ni izini na dawo nan da kwana, na kuma ɗauki hutu a makaranta.

An kwantar da Baba asibiti, ya yi mako ya ce a mai da shi gida. Likitan bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ya fi komai tayar mini da hankali. Ya ƙi ɗaki, ya sa an fito masa da gado zaure, fuskarsa tana kallon ƙofa. A zaune yake barci, in ya kwanta numfashi ba ya zuwa.

Juma'ar da ta wuce wuƙa ta faɗi daga hannunsa. Ni na datse, shi ya riƙe. Shi ya warware silin da kansa, a hankali, yana hutawa. Da muka gama ya auna ta da hannuwansa ya ce ta kusa kasa ɗaure jirgi.

Ka ce maigidanka zai tafi Sakkwato bikin miƙa mulki ya bar jirgi a hannunka, da ya dawo za ka taho, ko an kira ka ko ba a kira ba. Na gode wa Allah da wannan magana, na kuma gaya wa Baba. Nan take ya sa an fito da shaddar da ka aiko an kai wa tela. Sai dai ina roƙonka kada ka jira biki. Ka ɗaure jirgin da duk ƙullin da ka iya, ka hau motar Lawal. Soja ma da bindiga a hannunsu sun yarda za su koma gida.

Don Allah, don Annabi.

Asabe.

Ƙofar Sauri, Katsina,
14 ga Oktoba, 1979.

Zuwa ga Yayana Sammani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Yaya haƙuri? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan. Inna tana cikin takaba, jikinta da sauƙi, tana gaishe ka. Baƙi sun ragu. Babaji bai fasa zuwa ba, kullum da hantsi sai ya zauna a bakin zaure inda suke zama, ya jima, ya tashi.

Lawal ya dawo ya gaya mana yadda ya same ka. Ya ce kana kan ruwa da ya isa, sai da ya kwana biyu yana jiranka a bakin gaɓa, kuma da ya faɗa maka ka zauna a cikin laka da tufafinka. Ya ba ni 'yar takardarka. Ka ce ba ka da idon da za ka dubi zauren nan, an kore ka daga cikinsa kuma mai kiran ya tafi bai kira ba. Ka ce in naɗe igiyar in ba Lawal, ka gama ta a can.

Zan ba ka amsa, amma sai ka fara jin yadda aka yi, don hakkinka ne.

Juma'ar ƙarshe tela ya kawo riga. Baba ya sa aka sa masa ita a kan gado, ta yi masa yawa, wuyansa yana yawo a ciki. Ya ce ba laifi, tela da tsohon awo ya auna. Muka datse igiya kamar kullum. Wannan karon ko warwarewar bai iya ba, ya ɗora yatsunsa a kan nawa ina yi yana gyara mini. Ya ce hannuna ba laifi, da namiji ce da an huta. Na ce da an huta da me, ai da ni ma na gudu Yawuri. Ya yi dariya har ta zame masa tari.

Asabar da Lahadi bai ci komai ba sai ruwa. Hankalinsa kuwa garau. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ɗago kai.

Ranar Litinin gari ya tashi da hayaniya, ranar da soja suka miƙa mulki. Kowane shago rediyo, 'yan makaranta sun wuce da tutoci, motocin jam'iyya suna ta oda. Ni da Inna muna zaure, ina shafa masa ruwa a goshi. Wajen hantsi wata babbar mota ta tsaya daidai kan kwanarmu, irin tsayuwar motar Lawal, har da hucin birki. Muka ji an diro. Muka ji takun mutum yana nufo ƙofa. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe zaune, ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Ya kalli ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "Sammani! Shigo mana."

Sunanka, Yaya. Da bakinsa, a gaban Inna. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Inna ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Mai takun ya wuce, wani ne da buhu a ka, gidan gaba za shi. Baba ya bi inuwarsa da ido har ta gushe. Ya koma ya jingina. Bai sake magana ba sai kalmar shahada, Liman yana gefensa. Kafin azahar ya cika. Aka kai shi bayan la'asar, masu ɗaukar makara suna ratsa masu biki, wasu suna tsayawa suna bin su da addu'a.

Ka ce sai ya kira ka. To ya kira. Ni shaida ce, Inna shaida ce. Ban rubuta maka wannan don in ƙona maka rai ba, ko da yake na san zai ƙona, ni ma nawa a ƙone yake. Akwai ranakun da na ji haushinka har ba na son ganin rubutunka. Akwai ranakun da na ji haushinsa shi ma, yana kwance yana numfashi da ƙyar, kalma ɗaya ta gagare shi sai da ta zama ba mai ji. Yanzu haushin ya tafi ya bar ni da kewa kawai. Ina shiga zaure in ji kamar zan ji tafinsa a kan cinya.

Maganar igiya kuwa, ba zan ba Lawal ba. Ka yi fushi in ka so. Ba a gama ta a bakin ruwan wasu, a nan ake gama ta, a kan buzun nan, ƙahon Kaka yana nan inda ya ajiye. Babaji ya ce zai zauna a gefe ya ga saƙarka, kuma ya ce in gaya maka zura sili sau uku ba ya riƙe nailan, kada ka zo ka ba su kunya. Inna kuwa jiya na ishe ta a bayan ƙofa tana shafa hancin da ya yi.

Ban ƙona bakin ba, ban ɗaure shi ba. Juma'a biyu ke nan ina sauko da ita ni kaɗai, in datse, in warware sabo, in mayar. Shekaranjiya na auna, ba ta cika gaba biyu ba. Ba za ta ɗaure jirgi ba yanzu, na sani, amma har yau akwai abin da za a lanƙwasa a yi hanci. Ban san Juma'a nawa wannan zai ɗauka ba. Kai ne ɗan masu igiya, ka fi ni iya lissafin.

Motar Lawal tana tasowa daga wajenku ran Laraba.

Allah ya ba mu haƙuri, ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Asabe Almu.